Mai hoton da ya ɗauka mana tsohon ɗakin shan maganin da Baba ya yi aiki

Wata uku Baba yana damuna in kai shi ya ga ɗakin shan maganin da ya fara aiki zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a cikin birni, to ƙafa ta ƙi, ya haura shekara 80, ko masallaci sai an riƙe shi. Shi ne na ce bari in kawo mai wurin har gida a hoto. A nan ne gandurobobi ke kawo musu fursunoni ciwon ƙafa da tari da ƙazuwa, lokacin gidan yari na hannun En'e kafin gwamnatin tarayya ta karɓe a 1968, kuma har yau in ya fara labarin mutanen nan sai muryarsa ta canza.

Wani studiyo na samu a Sabon Gari, mai hoton yaro ne matashi amma ya san aikinsa. Tun a waya ya tambaye ni ko mun nemi izinin masu kula da wurin, ya ce shi baya ɗaga kyamara a ginin hukuma haka kawai, wannan ya burge ni gaskiya. Ƙarfe bakwai na safe ya ce mu haɗu saboda hasken rana bai yi ƙarfi ba ga hazon hunturu, kuma bakwai ɗin ya zo.

Cikin ɗakin duhu ne sosai, taga ɗaya ce mai sandunan ƙarfe, na ce ya kunna filasha mana ya ce a'a yaya, filasha zai kashe inuwar ne, sai ya kafa kyamarar kan ƙafa uku ya bar ta tana shan haske a hankali, ya hana ni ko motsi. Ya fi minti 20 kan wani benci na katako da tsakiyarsa ta lotsa ta yi santsi saboda zama. Ni da na shigo ban ma lura da shi ba.

Kowane hoto ya ba mu iri biyu, mai kala da baƙi da fari. Wallahi baƙi da farin ya fi kyau a ido, hasken tagar nan ya faɗo ƙasa layi layi, tsagewar bango duk ta fito, shi na so in sa a firem. Amma da na kai wa Baba ya juya shi ya juya ya ce ina ne nan. Sai da na miƙa mai mai kalar, ya ga koren fentin da ya tsaya rabin bango da wani tabo shuɗi shuɗi a kan kanta, ya ɗora yatsa a kai ya ce nan muke ajiye kwalbar jibi, wanda ake shafa wa gyambo. Ya yi shiru ya daɗe, Mama ta tashi ta ba shi wuri. Don haka duk mai son yi wa dattijo irin wannan kar ya yarda a ba shi marar kala kaɗai komai kyansa.

Inda suka ɓata min rai wajen wanki ne. Sun ce kwana 3 sai da aka yi 9, kuma baƙi da farin farko ya fito da wani kore kore saboda a injin mai kala suka wanke, na mayar, bai yi musu ba ya sake kyauta, na biyun ya fito tas. Sannan ku ce ya zuba muku hotunan a filash na kwamfuta ko ya turo a matsayin dokumen, in ya turo haka kawai ta WhatsApp hoton raguwa yake, in an zo faɗaɗa shi sai ya dushe.

Zan koma wurinsa, don yanzu Baba ya ce saura Ƙofar Doka da hanyar da yake bi da keke zuwa aiki.