Maikirowef ɗan lita 20 mai murɗawa, ga yadda na same shi

Masu tambayar wane maikirowef ya kamata su saya, ni dai ɗan ƙaramin nan mai lita 20 nake da shi, mai abin murɗawa biyu, ɗaya na lokaci ɗaya na ƙarfin zafi, kuma ko gobe aka ce in koma kasuwa shi zan ƙara ɗaukowa. Hisense, Midea, Scanfrost, LG duk suna yin ɗan lita 20 ɗin, sunan kamfani bai wani dame ni ba. Mai dijital ya fi kyau a jeren amarya kam, amma da Nefa sun ɗauke wuta agogonsa ya goge, ga maɓallai birjik waɗanda har ya tsufa ba taɓa su za ki yi ba.

Abin da mai shago ba zai faɗa miki ba shi ne maganar wuta. A kwali za ki ga 700W, to wannan ƙarfin da ke shiga abinci ne, ki juya bayansa ki karanta 'yar takardar da ke manne, wutar da yake ja ta kai wajen 1100W ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareta ɗan Tiger ba ya ɗaukarsa sam, masu sola ma sai inbatar mai ƙarfi ce. Ranar da aka kawo wuta mara ƙarfi kuwa sai ki ga fitila ta kama, faranti yana ta juyi, ki buɗe ki tarar da shinkafarki da sanyinta.

Wajen ɗumame ne ya biya ni kuɗina wallahi. Tuwon shinkafa ki yanka shi, ki yayyafa ruwa kaɗan ki rufe, minti biyu zuwa uku ya dawo kamar yanzu aka kwashe, in ba ki yayyafa ba gefen ya bushe ya yi tauri tsakiyar da sanyi. Miyar kuka dole a rufe ta don tana tsalle ta ɓata ko'ina, kuma in an yi rabin lokacin a tsaya a juya ta. Masa kam ban ji daɗinta ba, danƙo take yi, gara kasko.

Kwanon silba, cokali, foyil, har farantin tangaran mai zanen gwal a baki duk ba a sawa, tartsatsi suke yi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake.

Mai giril kuwa, wato wanda ke yin gashi, ban ga dalilin ƙarin kuɗinsa ba in kina da obin ɗin gas. In kuma na hannu za ki saya, ɗan Beljiyam, ki duba ba tsatsa a ciki, ƙofar na rufuwa ruf, kuma ba mai 110V na Amurka ba ne. Ki sa a jona shi a shagon a ɗora kofin ruwa minti biyu, in ruwan bai yi zafi sosai ba ki bar musu kayansu.