Kafin ka sayi manhajar tsara hanyar motocinka

A biranen Kanada, idan ƙanƙara ta rufe tituna, motocin da ke ture ta ba sa fita kara zube. Ana tsara musu hanya: a fara da manyan tituna da hanyar asibiti, a bi kowane layi, a rage zirga-zirgar da mota ke yi ba aiki. Mu a Sakkwato ba mu da ƙanƙara, amma mai motar shara da mai raba ruwan leda wannan lissafin ne ke cin musu dizal kullum.

Ka fara tambayar kanka: aikinka bin titi ne gaba ɗayansa, ko tsayawa a wurare? Motar shara da ke bin gida-gida a Mabera irin motar ƙanƙarar ce, masana na kiran lissafinta matsalar ɗan aiken wasiƙa. Mai kai kaya shaguna ashirin tsakanin Arkilla da Runjin Sambo kuwa nasa daban ne. Yawancin manhajojin waya irin lissafin mai kai kayan suke yi, kuma mai talla ba lallai ya gaya maka ba.

Google Maps kyauta ne, amma wuri 10 kawai yake ɗauka a tafiya guda, kuma ba ya jera maka su. Mota ɗaya, ya wadatar.

OR-Tools na Google shi ma kyauta ne. Yana lissafa nauyin da kowace mota ke ɗauka da lokacin da za ta isa, sai dai dole ka nemi wanda ya iya rubuta manhaja. Idan motocinka sun kai huɗu ko biyar, shi zan zaɓa. ArcGIS, manhajar taswira ta kamfanin Esri, ya fi dacewa da hukuma mai ma'aikatan taswira, don lasisinsa na da tsada.

Inda na fi jin tsoro shi ne taswira. Kwamfuta ba ta san lungun da tifa ba ta iya juyawa ba, ba ta san inda ruwa ke kwanciya a Mabera cikin Agusta ba. Direbanka ya sani. Zaunar da shi, ku buɗe OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, ku duba layi-layi, sannan ka ce wa mai sayarwa ya gwada maka unguwa ɗaya na mako guda, kana rubuta litar da aka sha kowace yamma.