Gargaɗi ga masu neman zinari: na'urar "ƙwayar haske" damfara ce

Ina jan hankalin 'yan'uwa a Garwa, Marwa da Injamena, musamman matasan da ke shirin tafiya wuraren haƙar zinari na Mayo-Rey a arewacin Kamaru ko Kuri Bugudi a arewacin Chadi, game da wata na'ura da ake tallata ta a WhatsApp da Facebook. Masu tallar suna cewa a cikinta akwai wani ido mai suna SPAD wanda ke kama ƙwayar haske guda ɗaya, wato ɗigon haske mafi ƙanƙanta, wai don haka tana hango zinari daga nesa ko da yana can cikin ƙasa. Sukan nemi kuɗin kafin alƙalami ta waya, kuma abin takaici shi ne akwai masu sayar da dabba ko gona domin su biya.

SPAD abu ne na gaske, kuma da gaskiyarsa ake yaudarar mutane. Ɗan ƙaramin yanki ne na silikon da ake ɗora wa ƙarfin lantarki fiye da iyakar da yake iya riƙewa, ta yadda idan ƙwayar haske ɗaya ta faɗa masa za ta saki ilektaron ɗaya, wato ƙwayar lantarki, shi kuma ya ture wasu, su ma su ture wasu, kamar yadda tartsatsi ke kama busasshiyar ciyawa. Daga nan sai wata da'irar lantarki ta kashe wannan kwararar domin idon ya sake shiri. Irin wannan ido ne ke cikin iPhone 12 Pro da ya fito a 2020, inda yake auna nisan abu ta hanyar lissafa lokacin da hasken leza ya ɗauka kafin ya dawo, kuma nisan bai wuce kimanin mita 5 ba, a sarari.

Sai dai ido ba ya ganin hasken da bai iso gare shi ba. Zinari ba ya fitar da haske, ƙasa kuma ba ta barin haske ya ratsa ta ko da tsawon ɗan yatsa. Hasali ma wannan ido yakan yi ƙidaya kamar ya kama haske a cikin duhu ƙirin saboda zafi kaɗai, kuma ƙidayar banzan tana ƙaruwa da ƙaruwar zafi, shi ya sa ake sanyaya masu tsada a ɗakunan bincike, a kuma killace su daga hasken waje. Saboda haka ƙarar da za ka ji na'urar ta yi a tsakar ranar watan Afrilu a Marwa ba ta da alaƙa da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, idan ma har akwai SPAD ɗin a cikin akwatin. Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya da maganaɗisun lantarki take aiki ta faifan da ake shafawa dab da ƙasa, kuma ƙaramin curin zinari ba ta jin sa sai yana kusa da sama.

Wannan salon ba sabo ba ne. A 2013 wata kotu a Ingila ta yanke wa James McCormick ɗaurin shekara 10 saboda sayar da ADE 651, na'urar bogi da aka ce tana gano bama-bamai daga nesa, wadda Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli a kanta.

Duk wanda aka kawo wa wannan kaya, kada ya yarda da bidiyo ko gwajin da mai sayarwa ya binne zoben zinari da hannunsa. A sa wani amintacce ya binne shi a ɗaya daga cikin ramuka goma ba tare da mai kayan ya gani ba, a maimaita sau da yawa a gaban shaidu. Idan mai kayan ya ƙi, kada a ba shi ko dala. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya adana saƙonnin da shaidar biya, ya kai ƙara ofishin jandarma mafi kusa.