Furofoma da Inbois na Ciniki: Bambancinsu Wajen Fitar da Citta

Alhaji, ka tambaya ko furofomar da ka aika wa mai sayen busasshiyar cittarka a Dubai za ta wadatar har kaya su fita, ko kuwa sai ka sake rubuta wani inbois. Sai ka rubuta na biyu, domin takardun sun yi kama a ido, amma kowacce da lokacinta da aikinta.

Furofoma takardar tayi ce da ake yi tun kaya suna sito a Kachia. Tana faɗa wa mai saye abin da za ka ba shi, da farashinsa, da sharaɗin biya, kuma da ita za ka buɗe fom ɗin NXP, wato fom ɗin fitar da kaya waje, ta hannun bankinka, bayan ka mallaki takardar rajista ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje. Inbois na ciniki kuwa ba a rubuta shi sai an auna kaya an loda, shi ne takardar neman biya, kuma a kansa kwastam na ƙasar mai saye za su lissafa haraji. Furofoma tana karɓar gyara muddin ana ciniki, amma inbois dole ya dace da takardar jerin kaya da takardar lodi ta kamfanin jirgin ruwa, a yawan buhu da nauyi da sunan mai karɓa.

A nan ne nake roƙonka ka natsu, saboda citta tana raguwa. A ce ka rubuta buhu 400 masu kilo 50 a furofoma, wato tan 20, sannan kayan suka yi makonni a sito cikin hunturu. Ranar lodi za ka iya ɗora buhu a sikeli ka ga ya kasa cika 50. Idan ka kwafe adadin furofoma ka zuba a inbois ba tare da sabon awo ba, takardunka za su saɓa wa abin da masu duba kaya suka gani, kwantena ta tsaya, kuɗin ajiya yana hawa kullum. Ni dai shawarata ita ce a cike buhunan a sake ɗinkewa, idan kuma bai yiwu ba, ka sanar da banki da mai saye kafin kaya su bar Kaduna.

Abin da ya kamata ya zama ɗaya a takardun biyu shi ne lambar HS, wato lambar da kwastam ke gane nau'in kaya da ita, wadda ga cittar da ba a daka ba take farawa da 0910.11, sai kuma sharaɗin farashi. Idan ka rubuta FOB Apapa (tashar jirgin ruwa ta Legas), nauyinka ya ƙare da hawan kaya jirgi, idan kuwa CIF ne, kuɗin jirgi da inshora suna wuyanka. Kuɗin NESS, wato kuɗin duba kayan da ake fitarwa, kashi 0.5 cikin 100, a kan darajar FOB ake lissafa shi, saboda haka ko CIF kuka yi, ka ware kuɗin jirgi da na inshora a layinsu daban.

Ko a tashar tsandauri ta Kakuri da ke Kaduna ka loda ko a Legas, ka haɗa da takardar lafiyar tsirrai ta NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma. Ka kuma riƙe ranar da ke jikin takardar lodi, domin daga ita ake ƙirga kwana 180 da aka ba ka ka dawo da kuɗin cinikin ta bankin da ya buɗe maka fom.