Gargaɗi ga masu neman babbar firintar taswira: hattara da dillalan matattun na'urori

Ina jan hankalin masu aikin safiyo, da masu tsara birane, da duk mai ɗaukar hoton ƙasa daga sama da jirgi marar matuƙi, game da wasu dillalai da ke tallar manyan firintocin buga taswira a intanet. Sunayen da suke fakewa da su sanannu ne, wato HP DesignJet da Canon imagePROGRAF da Epson SureColor, kuma kamfanonin nan ba su da hannu a cikin wannan ta'asa. Masu damfarar sun gane cewa na'urar tana da tsada, cewa mai saye yakan zo da aiki a wuyansa yana gaggawa, kuma cewa mutane kaɗan ne suka san inda lalacewarta ke ɓuya.

Nau'i na farko na damfarar ba ya buƙatar dogon bayani, domin babu na'urar ma kwata-kwata. Dillalin yana kwaso hotuna daga tallar wani, ya sa farashin da ya yi ƙasa ƙwarai, ya ce akwai wani mai saye da ke jira, sannan ya nemi kafin alƙalami. Da an biya sai kuɗin jigila ya taso, bayansa kuɗin inshora, bayansa kuɗin kwastan, har ranar da lambar wayarsa za ta daina shiga. Duk wanda ya ƙi nuna na'urar tana aiki ta kiran bidiyo, tare da lambar da ke manne a jikinta, to a rabu da shi.

Nau'i na biyu ya fi haɗari, domin na'urar tana nan, an goge ta tana sheƙi, kuma an ce an yi mata gyara ta koma kamar sabuwa. Idan mai saye ya nemi gwaji, sai dillalin ya buga masa zanen gini mai siraran layuka baƙaƙe a kan farar takarda, ko ya ɗauko wani kyakkyawan hoto da ya ce jiya aka buga shi a kanta. Zanen layi ba ya cin tawada sosai, saboda haka firintar da ramukan feshinta na launi suka toshe tana iya fitar da shi tsaf. Hoton sama kuwa yana rufe takardar gaba ɗaya da launi, daga koren gonaki zuwa ruwan ƙasar fili da duhun ruwa, kuma a nan ne kowane rami da ya mutu yake barin farin zare a tsawon hoton, launuka su rabu jere-jere, inuwa ta koma shunayya ko kore. Wannan ne abin da dillalin ba ya so a gani kafin kuɗi su shiga hannunsa.

Ya kamata a san abin da wannan lalacewa ke nufi ga aljihu. Firintocin HP da Canon suna amfani da zafi wajen fesa tawada, kuma an ƙera kan feshinsu, wato sashen da ke ɗauke da ramukan fesa tawadar, yadda mai na'ura zai iya cirewa ya sa sabo da kansa, ko da yake sabon ba arha ba ne. Na Epson yana aiki ne da wata fasahar dabam, yana daɗewa, amma idan ya mutu sai ƙwararren mai gyara ya sauya shi, kuma kuɗin aikin yakan kai inda mutum zai fara tunanin sayen wata na'urar. Dillalan nan suna son cewa wankewa ɗaya ko biyu, wadda na'urar ke yi wa kan feshinta da tawada, za ta buɗe ramukan. Idan haka ne, sai su wanke a gaban mai saye, su buga takardar gwajin ramukan feshi, wadda kowace irin wannan firinta ke iya fitarwa daga allonta. Na'urar da ta yi watanni a ajiye tawada ta bushe a cikin bututunta ba kullum take farfaɗowa ba, kuma kowace wankewa tana shanye tawada mai yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne batun ma'auni, domin taswira takarda ce da ake ɗora rula a kanta a yanke hukunci a kan iyakar fili ko hanyar bututu. Masu ƙera firintocin zane sukan ba da tabbacin cewa kuskuren tsawon layi ba zai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, wato milimita 1 a cikin mita 1. A taswira mai ma'aunin 1:10,000, milimita 1 a takarda mita 10 ce a ƙasa. Idan tayoyin da ke jan takarda sun cinye, ko bel ɗin da ke kai kan feshi gaba da baya ya fara rugurgujewa, kamar yadda yake faruwa ga tsofaffin na'urori, kuskuren yana iya ninkawa ba tare da ido ya lura ba. Takarda kanta tana ɗan miƙewa da danshi, don haka ƙaramin bambanci ba abin tayar da hankali ba ne, amma milimita 4 ko 5 a cikin mita guda sun isa a fasa ciniki.

Akwai kuma ha'inci a tawada. Ana cika tsofaffin kwalayen tawada da ruwan da ba a san asalinsa ba, a manna musu sabon guntun lantarki da zai sa na'ura ta nuna a cike suke, ko a haɗa mai saye da kwalayen da kwanan watansu ya wuce tuntuni. Wani dillalin zai rantse cewa tawadar mai garin launi ce, wadda ke jure rana da ruwa, alhali ta rini ce mai saurin koɗewa idan aka kafe taswira a bango. Lambar samfurin na'urar ta isa a duba a shafin kamfanin a ga irin tawadar da take sha.

Wasu ma firintar buga tutocin talla suke sayarwa da sunan ta taswira, alhali tawadarta mai ƙarfin wari an yi ta ne domin leda da makamantanta. Wasu kuma suna ƙarya a kan faɗi. Na'ura mai inci 24 tana ɗaukar takardar da ba ta wuce milimita 610 ba, wato ta tsaya a girman takarda da ake kira A1, yayin da takardar A0 ke da faɗin milimita 841, saboda haka sai mai inci 36 ko fiye.

Shawarata ita ce mai saye ya je da fayil ɗinsa, babban hoton sama na gaske mai nauyi, tare da taswirar da ya zana mata layi mai tsawon mita 1 a tsaye da wani a kwance, ya tsaya a buga su a gabansa daga farko har ƙarshe, ya auna da rular ƙarfe. Ya nemi a fitar da rahoton amfani daga allon na'urar, wanda ke nuna yawan takarda da tawadar da ta ci, ya kwatanta lambar da ke cikin rahoton da wadda ke jikinta, domin idan sun saɓa akwai yiwuwar an sauya babban allon lantarkin da ke cikinta, lissafin da take nunawa kuma ba nata ba ne. Ya shigar da lambar a shafin kamfanin ya ga matsayin garanti, ya kuma tabbatar har yanzu ana samun tawadarta da manhajar da ke haɗa ta da kwamfutarsa. Sai bayan wannan a yi maganar biya, da rasit mai ɗauke da lambar na'urar da sharaɗin mayarwa a rubuce.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko da an ce saura biya ɗaya kaya su iso. Ya adana saƙonni da shaidar biya da hoton tallar, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga hukuma, sannan ya kai rahoton dillalin ga shafin da ya ga tallar domin a sauke ta.