Tsawaita Tallafin Marasa Aiki a Amurka: Dokar Dindindin ko ta Gaggawa?

A yawancin jihohin Amurka, wanda ya rasa aiki yana karɓar tallafi na mako 26. Idan ya ƙare, hanya biyu ce.

Dokar dindindin ta 1970 tana ƙara mako 13, wani lokaci 20, da zarar rashin aiki ya kai wani mataki a jihar. Tarayya da jiha ke raba kuɗin rabi da rabi. Illarta, ma'aunin ya yi tsauri, sau da yawa sai wahala ta ci mutane kafin a fara biya.

Ta gaggawa, irin ta 2008, tarayya ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya, kuma ta fi yalwa: haɗe da sauran, wasu sun kai mako 99. Sai dai tana da wa'adi. A Disamban 2013 Majalisa ba ta sabunta ta ba, mutum kusan miliyan 1.3 suka wayi gari an yanke musu, ga kuɗin haya a wuya.