Kwatan inci ya ba ni kunya a Amurka

Wallahi ni da nake ganin tun ina 'yar shekara sha biyu ƙafata ke kan keken ɗinki, ban taɓa zaton wata tsohuwa mai rawar hannu za ta sa ni warware ɗinki a gaban mutane ba. Abin da ya faru ke nan ran Asabar a ajin haɗa bargon ƙyallaye da na shiga, kwilt suke ce masa a nan, maƙwabciyata ce ta ja ni don zaman kaɗaici na neman haukata ni cikin sanyin nan.

Aka ba kowa ƙyallaye tara masu kusurwa huɗu a haɗa uku uku, na ce yo wannan ma aiki ne, kafin su gama saka zare na miƙa nawa ina jiran yabo. Tsohuwar nan ta juya bayansa ta ɗora rula, ta ce ɗinkina ya wuce kwatan incin da ake bari daga bakin ƙyalle. Da me ya wuce? Da abin da bai fi kaurin zare biyu ba fa. Ta miƙo min ɗan ƙarfen warwara tana murmushi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da na dawo gida na huce na zauna na lissafa, ashe gaskiyarta, in ƙyalle talatin ne a jere kowane ɗinki ya ci ɗan wannan, kafin ki kai ƙarshen layi bargo ya tafi da inci biyu ko uku, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, abu ya karkace kamar an ja masa kunne. Mu da muka saba da a bar shi haka guga zai gyara, nan gugar ma doka gare ta, ba a goga, dannawa ake a ɗaga don kar yadin ya miƙe.

Amma abin da har yau na kasa haɗiyewa shi ne sayen yadin. Sabon yadin auduga dal za su saya da dala goma sha wani abu, su yayyanka shi ƙanana sannan su zauna wata uku suna mayar da shi ɗaya. Har yankakke ake sayarwa, wani inci 18 da 22, wani kuma dogaye masu faɗin inci biyu da rabi a nannaɗe kusan arba'in, kuma ba ciniki, mai shago ta auna miki daidai ba ƙari ko na ɗan yatsa. Almakashi ma sun ajiye, wata wuƙa suke gungurawa mai kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, na saya kuma ba zan ɓoye ba tana yanka ninki huɗu lokaci ɗaya ba gargada.

Alhali talakawa ma sun daɗe suna yin abin. Matan Gee's Bend a Alabama, baƙaƙen fata jikokin bayi, da tsofaffin wandunan aiki suke haɗa nasu don maganin sanyi, ba rula ba komai, a 2002 aka rataye su a gidan tarihi a Houston, 2006 suka hau kan tambarin wasiƙa. Sai na tuna tulin ƙyallayen da telolinmu ke sharewa kullum a ƙona, ko a yi tsumman goge-goge, in kuwa kika haɗa kika rufa a ce talauci ya kama ki.

Sati mai zuwa da guntun zanen Inna zan je, wanda na taho da shi a ƙasan akwati, har yanzu in na shinshina sai in ji kamar ɗakinta. Na ɗora rula a kai sau uku na kasa yankawa. Dan Allah duk mai tahowa ta tsaya wajen tela ta ciko min leda, ku ce kar ya zubar.